Na Farko da Na Ƙarshe a Gaban Ƙwaryar Ƙuri'a

Duk inda aka kafa adashi aka ce ƙuri'a ce za ta raba gardama a kan wanda zai fara kwasa, ba a rasa wata sabuwar gardamar da za ta taso a kan wanda zai fara sa hannu a cikin ƙwarya. Wasu suna ganin na farko ya more, tun da ya tarar da takardu cif ba a ɗebe masu kyau ba, wasu kuma suna ganin gara mutum ya ɗan jinkirta har a rage marasa amfani, shi kuwa na ƙarshe, da yake takarda ɗaya tilo ce ta rage masa, yakan tashi yana jin cewa zaɓa masa aka yi, ba shi ya zaɓa ba. Jefa ƙuri'a tsohon abu ne a wurinmu, domin Alƙur'ani ya ambace ta a Suratu Ali Imrana, aya ta 44, inda aka jefa alƙaluma a kan renon Maryama, ya kuma ambace ta a ƙissar Annabi Yunusa a Suratus Saffat, aya ta 141. Abin da ya sa mutane suka aminta da ita shi ne ba ta da ɗan lele. Tambayar da nake so in bi a nan ita ce ko wannan adalci yana nan daram idan takardar da aka ɗauka ba a mayar da ita cikin ƙwarya, kuma idan yana nan, mene ne ainihin abin da rashin mayarwar yake sauyawa.

Mu ɗauki takardu 10 da aka naɗe iri ɗaya, 3 daga cikinsu suna da alamar nasara, 7 kuma babu komai a cikinsu. Na farko yana da damar 3 cikin 10, wannan ba mai musu. Na biyu kuwa yana iya zuwa ta ɗaya daga hanyoyi biyu. Ko dai na farko ya dace, wanda yiwuwarsa 3 cikin 10 ce, sai masu alama 2 su rage a cikin takardu 9, ko kuwa na farko ya faɗi, wanda yiwuwarsa 7 cikin 10 ce, sai masu alama 3 su rage a cikin 9. Hanyar farko tana ba da 3 sau 2, wato 6 cikin 90, ta biyu tana ba da 7 sau 3, wato 21 cikin 90, idan aka haɗa su sai a sami 27 cikin 90, wanda shi ne 3 cikin 10 babu ƙari babu ragi. Ana iya bin wannan hanya har a kai kan mutum na goma, amma rassan lissafin suna ta yawaita, kuma babu buƙatar wannan wahala, domin akwai hujjar da ta fi gajarta. A ɗauka cewa maimakon a riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya, an jera takardun 10 a kan tabarma a naɗe, kowane mutum aka ba shi wadda take daidai da matsayinsa a layi. Idan an cakuɗa su sosai kafin a jera, babu wani dalili da zai sa takarda mai alama ta fi son gurbi na farko a kan na bakwai ko na goma, saboda haka kowane gurbi yana da damar 3 cikin 10. Takarda ba ta san wane ne ya riga wani miƙa hannu ba.

Abin da yake rikita mutane, a ganina, shi ne buɗe takarda a bainar jama'a. Idan na farko ya warware tasa aka ga ya dace, lallai damar na biyu ta sauka zuwa 2 cikin 9, idan kuma aka ga ya faɗi, ta hau zuwa 3 cikin 9. Wannan sauyi na gaske ne, sai dai labarin da aka samu ne ya kawo shi, ba matsayin mutum a layi ba, kuma kafin a buɗe takardar babu wanda ya san ko hawa za a yi ko sauka. Mutum yakan tuna ranar da aka kwashe masu kyau kafin a zo kansa, ya manta da ranar da waɗanda suka riga shi suka share masa hanya. A adashin mutum 10 da aka rubuta lamba 1 zuwa 10, matsakaicin lambar da kowa zai yi tsammani shi ne 5.5, ko shi ne na farko ko shi ne na ƙarshe.

Daga nan ne ake shiga batun ƙimar tsammani, wato matsakaicin abin da za a samu idan aka maimaita ɗiba sau da yawan gaske. Idan mutum ɗaya ya zaro takardu 4 daga cikin waɗancan 10, masu alama nawa zai yi tsammani? Kowace takarda daga cikin huɗun tana da damar 3 cikin 10 ta zama mai alama, kamar yadda muka gani, saboda haka kowace tana kawo gudummawar 0.3, kuma 4 sau 0.3 shi ne 1.2. Mai lura zai ce a dakata, ai takardun nan ba su rabu da juna ba, abin da ta farko ta zama yana shafar ta biyu, to yaya za a tara su kamar babu ruwan wata da wata? Amsar ita ce wata ƙa'ida wadda ni dai ban ga mai sauƙi kuma mai amfani kamarta a wannan fanni ba: matsakaicin jimla daidai yake da jimlar matsakaita, ko abubuwan da ake tarawa suna da alaƙa da juna ko ba su da ita. Dalilin ba mai nisa ba ne. Idan aka rubuta sakamakon ɗiba 1,000 a cikin jadawali, kowane layi ɗiba ɗaya, kowane ginshiƙi takarda ɗaya, to ko ta layi aka tara ko ta ginshiƙi, jimlar ba za ta bambanta ba.

Wanda bai gamsu ba yana iya bin doguwar hanya, kuma yana da kyau a bi ta ko da sau ɗaya ne. Akwai hanyoyi 210 na fitar da takardu 4 daga cikin 10. A cikinsu, hanyoyi 35 ba su da mai alama ko ɗaya, 105 suna da guda 1, 63 suna da guda 2, sai 7 da suke ɗauke da duka ukun. Idan aka tara 105 sau 1 da 63 sau 2 da 7 sau 3, wato 105 da 126 da 21, za a sami masu alama 252, a raba su da 210, sai 1.2 ya sake fitowa. Da a ce ana mayar da kowace takarda a sake cakuɗawa kafin a zaro ta gaba, ƙimar tsammanin ita ma 1.2 ce. Ƙa'idar gaba ɗaya ita ce a ninka yawan abin da aka ɗiba da kason masu alama a cikin tarin, kuma wannan ƙa'ida ba ta tambayar ko an mayar ko ba a mayar ba. Ya kamata kuma a lura cewa 1.2 adadi ne da babu mai iya zaro shi, tun da takarda ba ta rabuwa, matsakaici ne na dogon zango kawai.

Irin wannan tambaya tana cikin na farko-farkon da masana suka fara kokawa da su. Bayan wasiƙun da Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka yi musaya a Faransa a 1654, Christiaan Huygens, mutumin Holan, ya wallafa ɗan littafi a 1657 a kan lissafin wasannin sa'a, ya gina shi a kan tunanin ƙimar abin da ɗan wasa yake tsammani, ya kuma rufe shi da tambayoyi 5 da ya bar wa masu karatu. Ta huɗu tana magana ne a kan 'ya'yan wasa 12, farare 4 da baƙaƙe 8, inda wani ya ci alwashin cewa idan ya ɗebi 7 ba tare da ya duba ba, 3 daga ciki za su zama farare. Ƙimar tsammanin farare a nan ita ce 7 sau 4 a raba da 12, wato 2 da sulusi. Amma tambayar tana ɗaukar fassara biyu. Idan ana nufin 3 cif, hanyoyi 280 ne cikin 792 suke ba shi nasara, wato 35 cikin 99, idan kuwa ana nufin 3 ko fiye, sai a ƙara hanyoyi 56, damar ta koma 14 cikin 33. Ko ta wace fassara aka bi, mai alwashin ya fi kusa da faɗuwa.

To idan matsakaici bai motsa ba, me rashin mayarwa ya sauya? Ya sauya warwatsuwar sakamako a kewayen matsakaicin. A misalin takardunmu, idan ana mayarwa, yiwuwar mutum ya zaro 4 bai dace ko sau ɗaya ba ta kai kusan kashi 24 cikin 100, kuma yana ma iya dacewa sau 4, alhali masu alama 3 ne kawai a ƙwaryar. Idan ba a mayarwa, yiwuwar tashi a tutar babu ta sauka zuwa 35 cikin 210, wato ɗaya cikin shida, dacewa sau 4 kuma ba ta yiwuwa sam. Dalili shi ne tarin yana gyara kansa: duk mai alamar da ta fita tana rage damar 'yar'uwarta, duk marar alamar da ta fita tana ƙara damar masu alama, saboda haka sakamakon yana taruwa kusa da tsakiya. Masana suna auna warwatsuwa ta hanyar ɗaukar tazarar kowane sakamako daga matsakaici, su ninka ta da kanta, su fitar da matsakaicin abin da aka samu. Da wannan ma'auni, ɗiba da mayarwa tana ba da 0.84, ɗiba babu mayarwa kuma 0.56. Na biyun shi ne na farkon an ninka shi da 6 bisa 9, inda 6 take nufin takardun da suka rage a ƙwarya, 9 kuma yawan takardun an cire ɗaya. Wannan ɗan kaso shi ne dukkan bambancin da yake tsakanin hanyoyin biyu, kuma yana faɗin gaskiya a iyakokinsa biyu: idan takarda ɗaya aka zaro ya zama 9 bisa 9, babu wani bambanci, idan kuma aka kwashe duka goman ya zama sifili, domin wanda ya ga komai ba shi da sauran shakka.

Wannan kaso ne yake amsa ƙorafin da ake yawan yi wa masu binciken jin ra'ayin jama'a, cewa yaya za a tambayi mutum 1,000 a ce an san ra'ayin ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Idan da gaske ƙuri'a ce ta fitar da mutum 1,000 ɗin nan, kuskuren da ake sa rai bai cika wuce maki 3 cikin 100 sama ko ƙasa ba. Idan aka ɗebe su daga gari mai mutum 50,000, kason gyaran shi ne 49,000 bisa 49,999, kusan 0.98, kuma tasirinsa a kan tazarar kuskure kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne na tazarar, abin da ba ya ko taɓa amsar. Sai idan samfurin ya ci babban rabo na tarin, kamar mutum 1,000 daga cikin 2,000, sannan tazarar take sauka zuwa maki 2 da ɗan ɗoriya. Mai girki ba ta ƙara girman cokalin ɗanɗano don tukunyar ta biki ce, abin da take yi shi ne ta juya miyar sosai kafin ta ɗiba. Saboda haka idan zan zargi wani binciken jin ra'ayi, ba a kan ƙarancin mutanen zan fara ba, zan fara ne da tambayar yadda aka same su, domin wanda ya kira masu waya a birni kawai bai ɗebi ƙasa ba, ko da mutum 100,000 ya kira.

Akwai kuma tarkon da ƙimar tsammani take ɗana wa wanda ya dogara da ita ita kaɗai. A ƙaddara ɗan kasuwa a Dawanau zai sayi buhun wake 200, a cikinsu akwai 10 da ƙwari suka shiga, shi kuma bai sani ba, sai ya ce a fito masa da 20 ta hanyar ƙuri'a a huda a duba. Ƙimar tsammanin buhunan da suka lalace a cikin ashirin ɗin ita ce 20 sau 10 a raba da 200, wato 1 daidai. Mutum zai ɗauka ke nan lallai za a ci karo da guda. Amma idan aka yi lissafin, yiwuwar a huda buhu 20 ba a ga ko ɗaya mai ƙwari ba ta kai kusan kashi 34 cikin 100, wato sau ɗaya cikin uku ɗan kasuwar zai biya kuɗi yana murna ya sayi kaya lafiyayyu. Matsakaicin ya zama 1 ne saboda lokutan da ake samun 2 ko 3 suna cike gurbin lokutan da ba a samun komai. Wannan kuma idan ƙuri'a ce ta zaɓi buhunan, ba mai kaya ne ya nuna waɗanda suke bakin ƙofar sito ba.

Kada a ɗauka cewa kowace ƙimar tsammani ce take tsira daga tasirin rashin mayarwa. Wadda ta tsira ita ce ta yawan masu alama a cikin ɗiba mai ƙayyadadden adadi. Idan aka juya tambayar aka ce sau nawa mutum zai zaro kafin ya ci karo da mai alama ta farko, amsoshin suna rabuwa. Da mayarwa, matsakaicin jira shi ne 10 a raba da 3, wato 3 da sulusi. Babu mayarwa kuwa, a sake jera takardun a kan tabarma. Masu alama 3 sun raba layin gida 4: abin da ya zo kafin ta farko, tsakanin ta farko da ta biyu, tsakanin ta biyu da ta uku, da abin da ya biyo bayan ta uku. A ɗauki marar alama guda ɗaya a kwatanta ta da masu alaman nan uku kawai, za a ga cewa a tsakanin su huɗun tana iya zama ta farko ko ta biyu ko ta uku ko ta huɗu da dama iri ɗaya, wato damarta ta faɗa kowane gida ɗaya cikin huɗu ce. Marasa alama 7 ne, saboda haka matsakaicin waɗanda za su riga mai alama ta farko shi ne 7 a raba da 4, wato 1.75, a ƙara ita kanta mai alamar, sai a sami 2.75. A kwalin karta mai ganye 52, inda kowace lamba take da ganye 4, wannan hujja tana nuna cewa ganye na farko na lambar da ake nema yana bayyana ne a matsayi na 10.6 a matsakaici, ba na 13 da za a samu idan ana mayarwa ba.

Wannan hujja ta raba layi gida-gida ta yi aiki a wurin da ba a wasa, wato a Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙasashen ƙawance suna so su san yawan tankokin yaƙin da Jamus take ƙerawa a wata, kuma rahotannin leƙen asiri suna kawo adadi masu firgitarwa. Jamusawa, da son tsari irin nasu, suna buga lambobi bi da bi a jikin injuna da sassan tankokin, kuma duk tankar da aka kama ko aka ragargaza a fagen fama ana kwafe lambobinta. Kowace tanka sau ɗaya ake kama ta, saboda haka ɗiba ce babu mayarwa daga jerin lambobin da ba a san ƙarshensa ba. A misalta da ƙananan lambobi: an kama tankoki 5 masu lamba 14 da 37 da 52 da 83 da 95. Lallai an ƙera aƙalla 95, amma da wuya a ce wadda aka ƙera a ƙarshe ce ta faɗo hannu. Lambobin nan 5 sun raba jerin gida 6, ana ganin 5 da suke ƙasa da 95, na shida da yake sama da ita shi ne ba a gani. Tun da a matsakaici gidajen girmansu ɗaya, sai a auna wanda ba a gani da waɗanda ake gani: a ƙasa da 95 akwai lambobi 90 da ba a kama ba, a raba su gida 5, kowane gida 18, sai a ƙara 18 a kan 95, ƙiyasin ya zama 113. Kyawun wannan ƙiyasi shi ne ƙimar tsammaninsa daidai take da adadin gaskiya, ba ya rinjaya sama ko ƙasa idan aka yi ta maimaitawa.

Aikin da aka yi a zahiri ya fi wannan sarƙaƙiya, domin sai da aka warware tsarin lambobin masana'antu daban-daban, amma tushen tunanin ke nan. Richard Ruggles da Henry Brodie, waɗanda suka yi aikin a sashen yaƙin tattalin arziki na ofishin jakadancin Amurka a Landan, sun wallafa sakamakon a 1947, bayan an sami takardun Jamus an kwatanta. A watan Yunin 1940, masu lissafi sun ƙiyasta tankoki 169, 'yan leƙen asiri sun ce 1,000, takardun Jamus suka nuna 122. A Yunin 1941, lissafi ya ce 244, leƙen asiri ya ce 1,550, gaskiyar kuwa 271 ce. A Agustan 1942, lissafi ya ba da 327, leƙen asiri ya tsaya a kan 1,550, takardu suka nuna 342. Ba a cika samun wurin da aka gwada ƙiyasi da gaskiya ƙiri-ƙiri haka ba, shi ya sa malaman ƙididdiga har yau ba su gaji da kawo wannan misali ba.

Masu ƙirga dabbobin dawa da kifaye su ma da wannan ƙa'ida suke aiki, sai dai suna karanta ta daga ƙarshe zuwa farko. Idan aka kama kifi 100 aka yi musu alama aka sake su, bayan sun gauraya aka kamo 80 aka ga 10 masu alama, to ana ɗauka cewa kason masu alama a cikin kamun, ɗaya cikin takwas, shi ne kasonsu a cikin tafkin, sai a ƙiyasta kifi 800. Ana danganta hanyar ga C. G. Johannes Petersen, wanda ya yi wa kifaye alama a Danmak a wajajen 1896, da Frederick Lincoln, wanda ya yi amfani da ita a kan agwagin ruwa a Amurka a 1930.

Duk abin da na faɗa tun daga farko yana tsaye ne a kan sharaɗi guda, wanda na ambata a gurguje lokacin da muke jera takardu a tabarma: cewa an cakuɗa sosai. Lissafin ba ya tabbatar da wannan sharaɗi, ɗaukarsa yake yi a matsayin abin da an riga an cika. Abin da ya faru a Amurka ranar 1 ga Disamba, 1969, ya nuna yadda abin yake idan ba a cika shi ba. A lokacin ana yaƙin Biyetnam, gwamnati ta yanke cewa ƙuri'a ce za ta tsara yadda za a kira samarin da aka haifa daga 1944 zuwa 1950 zuwa aikin soja na tilas. Aka rubuta ranakun shekara 366, har da 29 ga Fabrairu, aka sa kowace a cikin ɗan ƙwanson roba, aka zuba a babban tulun gilashi, aka riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya a gaban kyamarorin talabijin. Ranar da ta fara fitowa ita ce 14 ga Satumba, ta sami lamba 1, haka aka yi ta tafiya har 366, kuma masu ƙananan lambobi su ake fara kira. A ƙarshe kiran ya tsaya ne a kan lamba 195.

Idan ƙuri'ar ta yi daidai, matsakaicin lambar da ranakun kowane wata za su yi tsammani shi ne 183.5, tsakiyar 1 da 366, kuma a wata mai kwana 31 ana sa ran kusan rabin ranakun, 15 ko 16, su faɗa cikin rabin farko na jerin. Amma ranakun Disamba sun tashi da matsakaicin kusan 121.5, kuma 26 daga cikin 31 sun faɗa a rabin farko. Lallai ko ƙuri'a mai adalci ba za ta ba da 183.5 cif ga kowane wata ba, kuma a nan ne ma'aunin warwatsuwa yake da amfani, domin shi ne yake faɗin irin kaucewar da za a yarda sa'a ce ta kawo. Ga ranaku 31 da aka ɗiba daga 366 babu mayarwa, kaucewar da aka saba gani wajen maki 18 ce, ta Disamba kuwa ta kai 62, fiye da ninki uku. Ba Disamba kaɗai ba ce, watannin ƙarshen shekara gaba ɗaya sun fi na farkonta samun ƙananan lambobi. Da aka bi diddigin yadda aka shirya ƙuri'ar sai aka ga cewa wata-wata aka riƙa zuba ƙwansunan a cikin akwati, Janairu a farko, Disamba a ƙarshe, kuma cakuɗawar da aka yi ba ta isa ta rushe wannan jeri ba, sai na ƙarshen shekara suka fi zama a sama, inda hannu yake fara kaiwa. Babu wanda ya yi nufin maguɗi, amma saurayin da aka haifa a Disamba ya fi wanda aka haifa a Maris kusa da filin daga.

Masana ƙididdiga sun yi ta suka, Stephen Fienberg ma ya wallafa nazari a kan lamarin a 1971, amma ba a soke sakamakon ba. Abin da aka gyara shi ne ƙuri'ar da ta biyo baya, wadda aka yi ranar 1 ga Yuli, 1970, domin waɗanda aka haifa a 1951. A wannan karon an nemi taimakon masanan hukumar ma'aunai ta ƙasar, aka yi amfani da ganguna biyu masu juyawa, ɗaya ɗauke da ranaku 365, ɗaya da lambobi daga 1 zuwa 365, kuma ko jerin da aka bi wajen zuba ƙwansunan a cikin gangunan sai da aka fitar da shi daga jadawalin lambobin da aka riga aka yamutsa. A kowane zagaye ana zaro rana daga ganga ɗaya, a zaro lamba daga ɗayar, a haɗa su, ta yadda ko da ganga ɗaya ba ta cakuɗu yadda ya kamata ba, ɗayar za ta rufe gibin. Ranar 9 ga Yuli ce ta sami lamba 1 a wannan shekara.